Jirgin ƙasan cikin Abuja: akwai sanyi, amma ba zan sake hawa da yamma ba

Tun da Buhari ya ƙaddamar da jirgin nan a 2018 nake masa kallon aikin ganin ido. Korona ta zo a 2020 ya tsaya cak, ya yi shekara huɗu a ajiye, ɓarayi na ta kwasar wayoyinsa. Da Tinubu ya sake buɗe shi a watan Mayun 2024 har aka ce a hau kyauta, ban ko leƙa ba.

Hajiyarmu ce ta sa na hau. Ta taho daga Kaduna ta sauka a tashar jirgin ƙasa ta Idu, na ce maimakon mu shiga cunkoson hanyar Kubwa, mu gwada wannan zuwa tashar Gbazango da ke Kubwa. Tun harin da aka kai wa jirgin Kaduna a Maris ɗin 2022 ba ta ajiye carbi in tana cikin jirgi, don haka da kyar ta yarda. Wallahi da muka shiga sai na ji kunyar zagin da na sha yi. An duba jakunkunanmu a ƙofa, taragon fes, ga sanyi, ga kujera kowa ya samu. Hajiya har ta fara gyangyaɗi. Na ɗauko waya zan tura wa ƙannena hoto in ce su daina wahalar da kansu a mota.

Ban tura ba. Muna tsakanin wasu tashoshi biyu sai direba ya danne ham bai saki ba, jirgin ya ja birki har wata yarinya ta gwara goshi da ƙarfen da ake riƙewa. Na leƙa ta taga. Wani mai ruwa ne da kurarsa cike da jarkoki, tayar baya ta maƙale a layin, shi da wani yaro suna ta kiciniyar fizgo ta. Sun fizgo, jarka biyu suka faɗi. Da muka zo daidai wurin a hankali na ga an yanke shingen waya, an yi hanya sosai, har ta daɗe da taku, ciyawa ba ta fitowa. Wani dattijo a gefena ya ce, "Ɗana, ai kullum haka ne. An raba musu unguwa biyu, gada tana can nesa, ta ina za su bi?" Na ce, "Baba, to in yaran makaranta ne fa?" Bai ce komai ba, sai ya juya kai.

Direban ya yi ƙoƙari, Allah ya saka masa. Amma jirgi ba a-kori-kura ba ne da za a tsayar da shi nan take, kuma a ce rayuwar mutum ta rataya ga idon direba ɗaya, wannan ba tsari ba ne. Daga nan Hajiya ba ta ƙara runtsawa ba.

Ina cikin cewa to, aƙalla mun iso lafiya, sai ga wata sabuwa. Mun fito ana kiran magariba, cikin tasha haske tar, waje kuma duhu. Keke Napep ɗaya ne, mutane suka yi masa caa. Wata ƙaramar mota ta tsaya da maza uku a ciki, direban na cewa "Hajiya, ku shigo mana." A Abujan da 'yan wan cans, masu ɗaukar fasinja a mota su yi musu fashi, suka addabi mutane? Na riƙe hannunta muka koma bakin ƙofa, sai da na kira maƙwabcina ya zo ya ɗauke mu. Lokacin da jirgin ya rage mana duk a tsayuwar nan ya ƙare.

Ni kaɗai da rana zan iya sake hawa, musamman in zan je filin jirgin sama. Da Hajiya ko yara, kuma da yamma, a'a, sai an toshe ɓarakar shingen nan, an yi wa mutanen gadar tsallakawa kusa, an kuma sa fitilu a hanyar fita.