Manjagarar tarakta mai nauyi ko mai siraran haƙora: wacce ta dace da tsinken kazuwarina?

Ɗan'uwanmu da ke kula da wata gona a yankin Ƙasim na ƙasar Saudiyya ya tambaya cewa bishiyoyin kazuwarina da na asal da aka shuka domin kare iska sun cika masa hanyoyi da gindin dabino da siraran tsinkayen da suke zubarwa, kuma mai gonar ya amince a sayi manjagarar da ake ɗaurawa a bayan tarakta, sai dai an nuna masa iri biyu, bai san wacce zai ɗauka ba. Malam, ga yadda nake ganin lamarin.

Ta farko ita ce mai nauyi, wadda haƙoranta faffaɗa ne, lanƙwasassu, na ƙarfe mai tauri, an jera su kusa da juna da tazarar da ba ta wuce inci ɗaya ko biyu ba, faɗinta kuma yakan kama daga mita ɗaya da rabi zuwa fiye da mita biyu. An ƙera ta ne domin baje tsakuwa, tattara duwatsu da saiwoyi, da daidaita ƙasa bayan huɗa. Ta biyu kuwa haƙoranta dogaye ne sirara masu danƙo, suna lanƙwashewa idan sun ci karo da abu su koma yadda suke, kuma tun asali an yi ta ne a Amurka da makamantanta domin tattara ganyen bishiyar fayin mai kama da allura, wanda siffarsa da rashin nauyinsa kusan ɗaya suke da abin da kazuwarina ke zubarwa. Dukansu ana ɗaura su a maɗaurin nan mai wurare uku na bayan tarakta, ana ɗagawa da saukewa da haidirolik.

Bambancin da ya fi muhimmanci a wurinka shi ne ƙasa. Ƙasar Ƙasim yawanci yashi ce, kuma mai nauyi ba ta bambanta tsinke da yashi: idan ka sauke ta gaba ɗaya, kafin ka yi tafiyar mita ashirin za ka tarar abin da ka tara rabinsa rairayi ne, ka bar kwari a baya, ka kuma tone saiwoyin kazuwarina waɗanda da yawansu a sama-sama suke. Mai siraran haƙora tana shafar fuskar ƙasa ne kawai, tsinkayen su sarƙe da juna su naɗe a gabanta, yashin ya zube ta tsakanin haƙoran. Haka zancen yake game da tiyon ban ruwa na ɗigo. Mai nauyi idan ta kama tiyo za ta fizge shi har da mahaɗinsa, kai kuwa kana kan tarakta ba za ka ji komai ba sai ka waiwaya. Sirarar ma tana iya jan tiyo, kada a ruɗe ka da cewa ba ta yi, amma ɓarnarta ba ta kai ta waccan ba. A kowane hali, gindin dabino da layin tiyo aikin manjagarar hannu ne, a jawo tarkacen zuwa tsakiyar hanya inda tarakta za ta same shi.

Duk da haka mai nauyi tana da inda ta yi fice. Idan an shekara da shekaru ba a share wurin ba, tsinken ya danne ya haɗe da ƙura ya zama kamar tabarma, to siraran haƙora sai dai su bi ta kansa su wuce, mai nauyi ce kaɗai za ta ɓamɓaro shi. Ana kuma iya karkata ta, ta riƙa tura shara gefe guda ta bar ta a dogon layi, abin da yawancin sirara ba sa yi, domin su sai dai ka tsaya ka ɗaga ka zubar da tari. Sannan bayan sharar tana da amfani wajen gyaran hanyar gona. Idan mai gonar ya dage a kanta, ka roƙe shi a haɗa da ƙananan tayoyin da ake sa mata a baya, domin su ne ke riƙe haƙoran a tsayi ɗaya su hana su nutsewa.

Wataƙila wani ya ce maka akwai tsohuwar manjagarar tattara barsim (ciyawar dabbobi da ake nomawa) mai ƙafafu masu juyawa a ajiye, tunda gonaki da dama sun bar noman ciyawa bayan taƙaita shi da aka yi a 2018. Tana tattarawa a fili mai faɗi, amma tsakanin bishiyoyi ba ta da wurin juyawa, ƙurar da take tayarwa kuma ba kaɗan ba ce.

Ra'ayina shi ne ka sayi mai siraran haƙora domin aikin yau da kullum, ka ari mai nauyi ko ka yi hayarta sau ɗaya domin sharar farko. Ka yi tafiya a hankali, gwargwadon saurin mai tafiya a ƙasa, ka gwada a gajeren wuri kana daidaita sandar sama ta maɗaurin har haƙoran su riƙa taɓa ƙasa ba tare da sun tona ba. Ka riƙa duba ragar lagireto da kewayen salansa, saboda busasshen tsinke yana toshe iska, yana kuma kama wuta da sauri. Kada wanda zai loda tarin ya sa hannu tsirara, kunama tana son irin wannan wurin.

Ka kuma raba tarin biyu tun daga wurin shara. Na kazuwarina ana iya shimfiɗa shi a hanyoyi ko nesa kaɗan da gindin manyan bishiyoyi domin ya riƙe danshi ya danne ciyawa. Na asal kuwa gishiri ne a jikinsa, domin bishiyar tana zuƙo gishiri daga ƙasa ta fitar da shi ta ganyenta, saboda haka kada ka zuba shi a taki ko a kwamin kayan lambu. Ka fitar da shi gefen gona, ka tambayi baladiyya, wato hukumar gari ta yankinku, inda ake zubar da irinsa kafin wani ya ce a cinna masa wuta.