Hattara da mai tallan "percula na asali": hoto daban, kifi daban

Jama'a masu kiwon kifin ruwan gishiri a gida, ku tsaya ku karanta wannan kafin ku tura wa wani kuɗinku. Akwai wani mutum da ke yawo a Facebook da WhatsApp yana tallan kifin nan ruwan lemo mai farin ratsi uku, wanda yara ke kira Nemo tun fitowar fim ɗin a 2003. Ba zan kama sunansa ba, don sunan ma ba zai amfane ku da komai ba: a wata takwas da na yi ina bibiyarsa sau uku yana canza shi. Salon damfarar ne bai canza ba.

Shi ba irin ɓarawon da zai karɓe kuɗi ya kashe waya ba ne. Zai aiko maka da kifi mai rai, yana iyo lafiya lau. Shi ya sa ya daɗe yana cin karensa babu babbaka. Suna yake sayarwa, kifin kuwa duk wanda hannunsa ya kai gare shi ne.

Ni abin da na nema mace da namiji ne na Amphiprion percula tsantsa, wato ɗaya daga cikin nau'o'in kifin Nemo ɗin nan, don burina su yi ƙwai. Ya turo hoton kifi biyu a ƙarƙashin shuɗiyar fitila, baƙin da ke gefen ratsinsu mai kauri kamar an zizara kwalli. "Ranka ya daɗe, waɗannan 'yan asalin tsibiran Solomon ne, ka yi sauri akwai mutum biyu a layi." Na ba da kafin alƙalami a daren, na cika sauran ranar da aka kawo su. Da na buɗe leda sai na ga kifi fari fat, duk launin ya koɗe. Na kira shi, ya ce gajiyar hanya ce, in ba su mako biyu. Wannan kam gaskiya ne, kifi yakan koɗe in ya sha tafiya, kuma da irin wannan guntuwar gaskiyar yake lulluɓe ƙaryarsa. Mako biyu ya wuce, launi ya dawo, kaurin baƙin nan bai dawo ba, domin tun farko babu shi.

A dangin nan mai kusan nau'i 30, babu biyun da suka fi rikita mutum kamar percula da ocellaris. A teku ba wuri ɗaya suke zama ba. Percula yana wajen New Guinea da tsibiran Solomon da arewa maso gabashin Ostireliya, ocellaris kuma ya bazu daga gabashin Tekun Indiya zuwa Indonesiya da Filifin har kudancin Japan. Amma a cikin tanki babu mai ɗauke da fasfo, sai dai ka duba jiki. Ocellaris yawanci ƙaya 11 gare shi a fiffiken baya, percula 10. Gaban fiffiken ocellaris ya fi tsayi. Idon percula ruwan lemo ne tangaran kewaye da baƙin tsakiya, na ocellaris kuwa ya yi duhu-duhu, har ka ga kamar idon ya fi girma. Sai baƙin gefen ratsi, siriri a ocellaris, mai kauri a percula in ya girma.

Ƙirga ƙayar nan aiki ne, kar wani ya ce muku da ido ake yi. Na kashe shuɗiyar fitila na kunna fara, na zauna gaban gilashi da waya ina jiran lokacin da kifin zai miƙe fiffike, wanda ba ya yi sai ya ga abinci ko ya harzuƙa. Hoto ya fi arba'in kafin in samu biyu masu kyau. Na buɗa hoton da yatsa ina ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya. Na farkon 11 cif, ga ido mai duhu: ocellaris ne, irin wanda aka fi samu a ko'ina. Na biyun shi ya hana ni barci. Ƙaya 10, ido mai haske, amma fiffike dogo, baƙin kuma bai kai ya kawo ba. To ita ƙidayar 10 ba ta raba gardama, domin akan sami ocellaris mai 10, kamar yadda akan sami percula mai 9. Wani dattijo da ya daɗe yana ƙyanƙyasar kifin nan ya duba hoton ya ce da ni, "Ɗana, wannan ruwa biyu ne." Da na matsa wa mai sayarwar lamba, bakinsa ya suɓuce: "To ai ubansa percula ne, me kuma ya rage?"

Kar a fahimce ni baibai, barbarar yanyawa ba aibi ba ce a wannan harka. Masu ƙyanƙyasa na gaskiya suna haɗa nau'i biyu da gangan, su kuma faɗa. Snow Onyx haɗin ocellaris ne da percula. Blood Orange haɗin ocellaris ne da babban jan nan mai ƙaya a kumatu, Premnas biaculeatus. Ko a teku ma ana yi: Amphiprion leucokranos, mai farin tabo a ka kamar ya ɗora hula, an ba shi suna a 1973 a matsayin nau'i mai zaman kansa, daga baya bincike ya nuna ɗan wasu nau'i biyu ne na dangin, chrysopterus da sandaracinos. Laifin yana wajen ɓoyewa. 'Ya'yan haɗin percula da ocellaris suna haihuwa. Da ban ƙirga ƙayar nan ba, da na ƙyanƙyashe ƙwansu na raba wa mutane da sunan percula, in zama ni ma mai yaɗa ƙaryar ba tare da na sani ba. Wannan ya fi kuɗin ci mini rai.

Bayan na fara magana ne wasu suka fito da nasu labarin. Wanda ya fi ba ni haushi na wata baiwar Allah ne da ya sayar wa ɗan ƙaramin Premnas biaculeatus, jan nan mai launin jinin kare, ya ce mata mai ratsin zinare ne. Dubi wayon: mai ratsin zinare, wanda asalinsa yankin Sumatra ne, da farin ratsi yake tasowa, sai ya kai wajen shekara guda kafin ya rine zuwa rawaya. Ke nan duk ɗan ƙaramin mai farin ratsi ana iya cewa "zai rine nan gaba", kuma kafin asiri ya tonu shekara ta zagayo. Wata 18 ta yi tana leƙen tanki, ratsi na nan fari ƙal. Bai tsaya nan ba, ya ce mata ta haɗa shi da ocellaris ɗinta ba komai. Wannan kifi shi ne mafi girma da faɗa a dangin, macensa takan kai santimita 17, har hannun mai ita takan ciza. Da ya tasa sai ya takura ocellaris ɗin a lungu bayan famfo har ya daina cin abinci ya mutu.

Irin wasan da yake yi da baƙin ocellaris na yankin Darwin da ke arewacin Ostireliya ke nan, wanda yake tasowa da fuska ruwan lemo sannan ta baƙanta: sai ya ba ka Mocha, haɗin baƙin da ruwan lemon, ya ce ka yi haƙuri zai rufe. Wanda ratsinsa ya yanke bai zagaye jiki ba kuwa, abin da sau da yawa yanayin renon 'ya'yan kifi ke jawowa, sai ya laƙaba masa Picasso ya tsuga kuɗi. Picasso na gaskiya percula ne da farin ya yi masa yawa yana malala, ba wanda farin ya gaza ba.

Ga kuma maganar "mace da namiji". Kifin nan ba a haifarsa mace. Wanda ya fi girma a cikin rukuni shi ke rikiɗa ya zama mace, na biye da shi ya zama mijinta, kuma wadda ta zama mace ba ta komawa. Don haka ma'aurata na gaskiya za ka ga tazarar girma a fili, ƙaramin yana karkata jiki yana karkarwa in babbar ta taso masa. Nawa biyun kansu ɗaya, ranar da aka zuba su a leda suka fara ganin juna. Na yi sa'a ƙanana ne, suka daidaita. Da manyan mata biyu ya haɗa mini, da sai ɗaya ta ga bayan ɗaya.

Duk wanda zai sayi irin kifin nan daga nesa, ya nemi bidiyo, ba hoto ba, a ƙarƙashin farar fitila, kifin yana nuna gefensa, da takarda mai ɗauke da sunan mai saye da kwanan wata a manne jikin gilashi. Shuɗin haske yana ƙara wa baƙi duhu, ya sa fari ya riƙa ƙyalli, shi ne babban makamin mai tallan nan. Ya nemi sunan kimiyya, ya tambayi uwa da uba, in na tanki ne a nuna masa su. Mai ƙyanƙyasa na ƙwarai murna yake yi da wannan tambayar, har sai ka gaji da hotuna. Mutuminmu kuwa da ka yi ta sai ya ce caji ya ƙare, ko iyayen suna wajen abokinsa. Kuma kowane suna aka kira kifin da shi, a ware shi a ƙaramin tanki na daban na tsawon makonni kafin a haɗa shi da na gida. Wani da ya saya a hannun mutumin da sunan haihuwar tanki, kwana uku kifin ya fara fitar da farar majina a jiki yana haki. Brooklynella ce, cutar da aka fi gani a jikin wanda aka kamo daga teku, kuma ba ta ba da lokaci.

Na nemi ya mayar mini da bambancin kuɗin kawai, ban ma ce ya karɓi kifinsa ba. Ya ce zai duba, washegari ya toshe ni. Kifin suna nan, sun yi ƙiba, na rubuta a gefen tankin cewa ɗaya ocellaris ne ɗaya ruwa biyu, don kar in manta idan suka yi ƙwai.

Makon jiya aka turo mini sabon shafinsa, sabon suna, sabuwar lamba. Hoton dai shi ne wanda ya turo mini bara. In kun ci karo da shi za ku gane shi: kifi biyu a shuɗin haske, tukunyar ƙasa mai fasasshen baki a bayansu, da wani dogon karce a gilashin ta kusurwar hagu ta ƙasa.