Hawan Chappal Waddi: Turbar Makiyaya ko Ratsa Kurmi?

Chappal Waddi, dutse mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419, yana Gandun Dajin Gashaka-Gumti a Taraba, dab da iyakar Kamaru.

Turbar makiyaya ta fi sauƙi. Shanu sun riga sun taka ta, ciyawa ce a fili, kana hango gabanka, sai dai rana da iska.

Ratsa kurmi kuwa wani abu ne daban. Adda a hannu, ana sara ana tafiya, ƙasa da santsi, hazo na iya rufe ka ko da tsakar rana, ka kasa gane gabas. Tafiyar awa ɗaya ta cinye wuni. Amma a can birai da tsuntsaye suke, ga inuwa da ruwan sanyi.

Ni dai turbar nake bi, gwiwa ta fara tsufa. Mai son kurmi ya bari sai rani, ya tafi da ma'aikacin gandun.