Wasiƙa daga Landan: Yaya, ciyawarka ba ta mutu ba

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Ya zafi? Na san yanzu Kaduna ta ɗauki wuta, kowa ya zuba wa gabas ido yana jiran hadarin farko.

Na ga bidiyon tsakar gidanka na Malali da ka turo. Na kalle shi ya fi sau biyar, ina tsayar da shi daidai bakin ƙofar falo, inda ciyawar robar da aka shimfiɗa maka ta kwanta ta yi sulɓi kamar tsohuwar darduma. Ka yi mini tambaya biyu: ko cutar ka aka yi aka sayar maka da marar kyau, kuma ko in sayo maka ta nan in auno ta jirgin ruwa. Ka yi haƙuri da tsawon amsar. Kula da ciyawar roba ita ce sana'ar da nake ci da ita shekara huɗu ke nan, kuma maganar ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Kada ka kashe kuɗinka a kan aune. Ciyawarka ba ta mutu ba, rashin kula ne ya kwantar da ita. Wanda ya shimfiɗa maka ita bai zuba mata yashi ba, bai kuma faɗa maka cewa ana taje ta ba. Ya karɓi kuɗinsa ya ce maka ba ruwanka da ban ruwa, ba ruwanka da yanka, ka huta har abada. Rabin maganar gaskiya ne, sauran rabin kuwa shi ne abin da ka ɗauko mini a bidiyo.

Kayan kansu, na nan da na can gida, ba su da wani bambancin a zo a gani. Zaren roba ne ake sokawa a jikin shimfiɗa kamar saƙar kafet, a shafe bayanta da gam don kada zaren ya zare, a huhhuda ta don ruwa ya wuce. Yawancin wadda ake sayarwa a nan ma shigo da ita ake yi, daga Sin ko Turkiyya ko Holan ko Beljiyam. Inda Turawa suka sha gabanmu shi ne takarda. Kowane naɗi yana zuwa da bayaninsa a rubuce: tsawon zaren a milimita, nauyinsa a kowace murabba'in mita, ko an haɗa robar da sinadarin da ke hana rana cinye ta, da shekarun garanti. Kafin ka saya za su aiko maka da 'yan ƙyallaye har gida kyauta, ka taka, ka murza, ka ajiye a rana. Mu kuwa a shago abin da za ka ji shi ne "wannan mai kauri ce, waccan marar kauri", sai rantsuwa. Ta gida a nan yawanci tsawon zarenta daga milimita 25 ne zuwa 40, ta filin ƙwallo kuma daga 40 zuwa 60, kuma ba a sa wannan a gurbin waccan. Araha dai ba ta ado, amma mai tsadar ma in aka yi mata riƙon sakainar kashi, shekara biyu ta ishe ta.

Bari in ba ka labarin safiya ɗaya a wurin aikinmu, don gani ya kori ji. Ƙarfe bakwai muke isa filin wata makarantar sakandare, gari bai gama wayewa ba, ana ɗan yayyafi. Kafin a sauke tarakta daga mota sai na zaga filin da ƙafa, kaina a sunkuye, ina bin duk layin da aka haɗa naɗi da naɗi, ina sa yatsa ina ɗan ja. A hannuna akwai wani ɗan ma'auni mai tsinke uku, in soka shi cikin ciyawar ya nuna mini zurfin abin da ke ƙasa. Irin wannan fili yashi ake fara zubawa don ya danne shimfiɗar, sannan a bi shi da tsakin baƙar roba da aka niƙa daga tsofaffin tayoyi. Su ne ke riƙe zaren a tsaye, kansa kaɗai ke leƙowa, kamar milimita 15 zuwa 20. A bakin raga da wurin bugun fanareti kullum za ka tarar ƙafa ta watsar da tsakin, wurin ya yi kwari. Nan muke ɗaukar shebur mu cike, mu bi da burushin hannu. Bayan haka ƙaramar tarakta ta ja babban burushi, yau daga tsawo, zuwa na gaba daga faɗi, don kada zaren ya saba da kwanciya gefe guda. A bayan burushin akwai sandar maganaɗisu. In muka ɗaga ta a ƙarshen aiki, Yaya, sai ka riƙe baki: ƙusoshi, fil-fil na gashin 'yan mata, kwabbai, guntayen waya, duk a filin da ido ke ganin tsaf yake. Daga nan mu buɗe littafin filin mu rubuta kwanan wata da abin da muka yi, mu sa hannu. Ranar da ciyawa ta lalace, wannan littafin kamfanin da ya sayar da ita zai fara nema. In babu shi, garanti ya sha ruwa.

Ƙa'idar da muke bi a wannan sana'a ita ce duk awa 10 da aka yi ana wasa, fili na bin mai shi bashin awa 1 na gyara. Wanda ya biya wannan bashi, filinsa kan kai shekara 8 zuwa 10. Kuma akwai masu zuwa gwaji, ba ruwansu da mu, ba ruwansu da mai fili. Su saki ƙwallo daga kan wani gangare mai tsayin mita 1 su auna inda ta tsaya. A ma'aunin FIFA na filin ƙwararru, tsakanin mita 4 da 8 ake so ta tsaya. In ta zarce, zaren ya kwanta ke nan, kuma takardar shaida ba za ta fito ba.

Turawan ma ba da wayonsu aka haife su ba. A Amurka aka fara yayin abin, a 1966, a filin Astrodome na birnin Hustan, bayan ciyawar Allah ta ƙi rayuwa a ƙarƙashin rufi. A nan Landan ƙungiyar QPR ta shimfiɗa tata a 1981, ƙwallo ta riƙa tsalle kamar an buga ta a kan siminti, 'yan wasa suna tashi da ƙujewa, har aka cire ta a 1988. Sai da aka gano dabarar dogon zare da yashi da tsakin roba, FIFA kuma ta kafa tsarin gwajinta a 2001, sannan mutuncin abin ya dawo.

To amma in na kwaso maka tsarinsu kacokan na cuce ka, don abokin gabarsu daban, namu daban. Su danshi ke damun su: gansakuka, ruɓaɓɓen ganye, inuwar da ba ta barin wuri ya bushe. Mu ƙura ce da rana. Tun daga Nuwamba har Fabrairu hunturu na tankaɗe garin ƙura a kan ciyawar, tana sauka tana cike duk wata kafa da ke tsakanin zare da zare. Ruwan farko na sauka sai ta koma laka, rana ta fito ta gasa ta, ta zama daɓe. Hudojin ƙasa su toshe. In Agusta ta zo da ruwanta kamar da bakin ƙwarya, sai ka ga tsakar gida ta zama tafki, bayan mako biyu kuma ciyawar gaske ta tsiro a kan ta roba. Shi ya sa a Kaduna babban gyaran shekara lokacinsa ɗaya ne, wato tsakanin ɗaukewar hunturu da faɗuwar damina, ƙurar tana busasshiya. Wannan makon da muke ciki ke nan, kada ka bari ya wuce.

Ita kuma rana ba ta da magani sai inuwa. Robar nan kan wuce digiri 60 a tsakar rana, kuma na san 'ya'yanka ba sa zama da takalmi. Yayyafa ruwa na sanyaya ta, amma na ɗan lokaci ne. Ban ji daɗin sare mangwaron nan da aka yi don a samu filin shimfiɗa ba, kuma ina roƙonka kada a taɓa darbejiyar da ta rage. Sharar ganye ta fi ƙunar ƙafar yaro sauƙi. A nan ma masu lambu da yawa sun juya mata baya saboda zafi da kashe ƙasa, har babban bikin furanni na Chelsea ya hana nuna ta tun 2022. Ni da nake cin abinci da ita ba zan ce a rufe gida gaba ɗaya da ita ba. Wurin zama da wurin wasan yara ya isa, saura a bar wa ƙasa ta sha iska.

Sai wuta. A gefen hagu na bidiyon na hango wani baƙin tabo mai ƙyalli, kuma na tabbata garwashi ne ya faɗa. Roba ba ta warkewa, yanke wurin ake yi a dasa wani ƙyalle, a tabbata kwanciyar zarensa ta bi ta sauran. Don haka in akwai ragowar da aka yanke ranar shimfiɗa, a adana ta. In Babbar Sallah ta zo kada a ɗaure rago a kanta, kada a yi yanka a kanta, kada a kusanto da murhun suya. Fitsarin dabba in ya shiga yashi ya haɗu da zafi, warinsa sai an yi da gaske. Salansar janareta ma a juya ta wani gefen, mota kuma ta nemi wurin tsayawa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba na gidanka ba ne. Zuwana na Disamba, Autanmu ya ja ni wani filin ƙwallon 'yan biyar-biyar, cikin irin waɗanda suka cika gari yanzu. Daga la'asar har sha biyun dare ba a sauka daga kansa, ana karɓar kuɗi awa-awa, fitilu tar. Ina taka shi na ji shi kamar kwalta. Tsakin robar duk ya gudu ya taru a gindin waya, a tsakiya kuma mahaɗar naɗi biyu ta buɗe baki har ana ganin ƙasa. Ban fi minti ashirin a wurin ba wani yaro da bai wuce shekara sha bakwai ba ya zo da gudu, takalminsa ya maƙale a wannan tsagar, gwiwarsa ta juya. Har yau ina jin ƙarar da ya yi. Abokansa suka ɗauke shi suna cewa tsautsayi ne, aka ci gaba da wasa. Na samu mai kula da wurin na tambaye shi yaushe rabon a taje filin, ya ce ai wannan ba ta son komai, haka aka faɗa musu. Gam na awa ɗaya da kaset ɗin haɗi, wato tef ɗin da ake liƙe naɗi biyu da shi, da sun raba yaron nan da jinya.

Akwai kuma abin da nake so ka faɗa wa duk abokinka mai niyyar buɗe fili. Tarayyar Turai ta yi doka a 2023 cewa daga Oktoban 2031 ba za a ƙara sayar da tsakin roba na filaye ba, saboda yadda yake bin ruwa yana shiga koguna. Sun fara komawa ga ɓawon itace da makamantansa. Filaye da yawa za a kwashe, kuma ina tsoron inda tsofaffin za su nufa. In aka kawo muku ta gwanjo, a tanƙwara ta a duba bayanta, a ja zaren da yatsa. In ya biyo hannu, ta gama aiki.

Kada ka ɗauka komai na nan ya fi namu. A nan kiran ma'aikaci gida tsada ne da shi, kuma sai ka yi makonni kana jiran layi ya zo kanka. Burushin da taraktarmu ke ja ba wani abin mamaki ba ne, firam ne na ƙarfe mai kusurwa uku da aka ɗaura wa kawunan burushi masu tauri. Na tabbata in aka kai hotonsa Panteka da safe, kafin magariba an haɗa shi, kuma babur ma zai ja shi. Yashin da muke saye a buhu, busasshe mai tsabta, ana iya samun kusa da shi daga yashin kogi in aka wanke shi sosai, aka tankaɗe, aka shanya ya bushe ƙarau. Hannu muna da shi, kayan aiki ba su fi ƙarfinmu ba. Mutumin da zai dawo bayan an gama shimfiɗa shi ne babu, ga gidaje da makarantu da otal-otal da wuraren biki duk sun shimfiɗa.

Shi ya sa nake so ka zaunar da Auta ku yi magana. Tun da ya gama Kaduna Poli yake yawo da takardu. Ya fara da gidanka. Ya samo burushi mai taurin gashin roba, ban da na ƙarfe, ya taje ciyawar yana tunkarar inda zaren ya kwanta, tun da sassafe kafin ta yi zafi. Ya kwashe ƙurar da ta taso, ya maimaita har sau uku, sannan ya bi da tiyo ya ga ko ruwa na wucewa. Inda ya kwanta ya sa alama ya ɗauko mini hoto, don wataƙila daɓen ƙasan ne ba a yi masa gangare ba. In ta bushe sai ya barbaɗa yashin kaɗan-kaɗan yana tajewa har ya ɓace a gindin zare. Akwai wani ɗan Kawo da zai taho gida ƙarshen wata, zan ba shi ma'aunin zurfi ɗaya da kaset ɗin haɗi da gam gwangwani biyu, da kwafin shafin littafinmu don Auta ya ga yadda ake rubutawa.

A gaida Hajiya da kyau, a ce mata maganin ƙafarta yana cikin saƙon. Ina jiran hoton bakin ƙofar falon bayan tajewar farko.

Ƙaninka, daga Landan.