Tikitin Alkataraz: na rana, na dare ko na shiga lungu, wanne za ka yanka?

In Allah ya kai ka San Faransisko a Amurka kuma kana son ganin Alkataraz, tsibirin da ke da tsohon gidan yarin nan, to ka natsu wajen yankan tikiti, don akwai jiragen ruwan da zagaya tsibirin kawai suke da mutane su dawo da su ba su taka ƙasa ba. Jirgin da ke saukewa a kai daga tashar jirgin ruwa ta Pier 33 yake tashi, tafiyar kamar minti 15 ce, kuma lokacin zafinsu tikiti na ƙarewa tun saura makonni.

Wurin nan asali sansanin soja ne, a shekarun 1850 aka jera masa igwa don tsare bakin teku, daga baya sojojin suka fara kulle nasu masu laifin a ciki, sai a 1934 ya koma gidan yarin gwamnatin tarayya inda aka ajiye irin su gawurtaccen ɗan daba Al Capone. An rufe shi a 1963 saboda tsada, hatta ruwan sha sai an kawo a jirgi, a 1973 kuma aka buɗe wa 'yan yawon buɗe ido.

Ni dai in zuwan farko ne na rana zan ce ka yanka. Ya fi araha, kuma ba mai kora ka, ka zauna har jirgin ƙarshe in ka so. Za a ba ka na'urar saurare ka ji muryar tsofaffin gandirobobi da fursunoni da kansu, ka tsaya gaban ɗaki mai faɗin ƙafa 5 da tsawon ƙafa 9, gado da masai da wurin wanke hannu duk a ciki, ka ga ramin da fursunoni Frank Morris da 'yan'uwan Anglin suka ƙwaƙule da cokali suka tsere a Yunin 1962 bayan sun kwantar da kawunan bogi a gado, har yau ba a gansu ba. Kuma da rana ne za ka karanta jan rubutun da 'yan ƙabilun asali na Amurka suka bari a bango lokacin da suka mamaye tsibirin wata 19, daga 1969 zuwa 1971, wallahi wannan ɓangaren bai kamata a wuce shi da sauri ba, mutane ne da ke neman haƙƙin ƙasarsu.

Na dare ya fi tsada kaɗan, mutane ba su da yawa, ga fitilun gari, amma fa akwai sanyi da iska kuma ba kullum ake yi ba. Na shiga lungu shi ne mafi tsada, awa huɗu da wani abu, ɗan jagora ya kai ku wuraren da ke kulle, ba a shiga da yaro ƙasa da shekara 12.

Kowanne ka zaɓa akwai hawa, daga bakin ruwa zuwa kurkukun kamar bene mai hawa 13 ne, in kana tare da su Hajiya ka nemi 'yar motar da ke ɗaukar masu ciwon ƙafa. Ba a sayar da abinci a can, ka ci ka ƙoshi kafin ka hau jirgi.