Hattara da masu sayar da "wasan da aka shirya sakamakonsa" a Telegram da WhatsApp

Duk mai bibiyar ƙwallo a intanet ya taɓa cin karo da su. Suna maƙalewa a ƙarƙashin labaran wasanni a Facebook, ko su turo saƙo kai tsaye, su ce suna da mutum a cikin wata ƙungiya a Turai wanda ya ba su sakamakon wasan gobe, ci nawa da nawa, ba kuskure. Sai su nuna hoton tikitin caca da aka ci maƙudan kuɗi, da saƙonnin mutane suna ta godiya. Abin da kawai suke nema shi ne ka biya kafin alƙalami su turo maka sakamakon. Wannan damfara ce tsagwaronta, kuma yadda ake haɗa ta ba shi da wuyar ganewa idan aka warware shi.

Gaskiya ne ana sayar da wasanni a duniya, kuma da wannan gaskiyar suke fakewa. A 2005 an kama alƙalin wasa Robert Hoyzer a Jamus yana murɗe wasanni domin 'yan caca, har aka ɗaure shi. A watan Fabrairun 2013 hukumar 'yan sandan Turai, Europol, ta sanar da cewa bincikenta ya gano wasanni kusan 680 da ake zargin an yi maguɗi a cikinsu. A 2017 FIFA ta haramta wa alƙalin wasa ɗan Ghana, Joseph Lamptey, shiga harkar ƙwallo har abada saboda wasan neman gurbin kofin duniya da Afirka ta Kudu ta ci Senegal 2-1 a Nuwamban 2016, inda ya ba da fenariti alhali ƙwallon ta bugi ƙafar ɗan wasan Senegal Kalidou Koulibaly ne ba hannunsa ba. An sake buga wasan, Senegal ta ci 2-0. To amma a lura da abin da ya tona asirin Lamptey: kamfanonin da ke sa ido kan kasuwar caca sun ga kuɗi suna kwarara ta hanyar da ba a saba gani ba. Babban maƙiyin mai murɗe wasa shi ne yawan mutanen da suka san sirrin. Da zarar jama'a suka yi ca a kan sakamako ɗaya a wani ƙaramin wasa, ninkin da ake biya zai faɗi, kamfanin caca zai rufe karɓar kuɗi a kan wasan, rahoto kuma zai isa ga hukumar ƙwallo. Wanda ya kashe dukiya ya sayi alƙali ba zai ɗauki sirrin ya tallata wa baƙi a rukunin da ke da mutum dubu hamsin ba. Kuma mutumin da ya san tabbas kuɗinsa za su ninka sau hamsin da yamma, me zai yi da ɗan abin da yake roƙo a wurinka da safe?

Mutane da yawa ba su faɗa tarkon don wauta ba. Sun faɗa ne don an ba su sakamako kyauta, ya kuma fito daidai, ba sau ɗaya ba. Ga yadda ake yin haka. Ɗan damfara zai tara lambobin mutum 1,024, ya zaɓi wani abu mai fuska biyu kacal, misali ko ƙwallayen da za a zura za su kai uku ko ba za su kai ba. Rabin mutanen ya ce musu za su kai, sauran rabin ya ce ba za su kai ba. Duk yadda wasan ya kaya, mutum 512 sun ga ya faɗi daidai. Sai ya watsar da waɗanda ya yi wa kuskure, ya sake raba 512 gida biyu a wasa na gaba. Saura 256, sannan 128, sannan 64, sannan 32. Bayan wasa biyar akwai mutum 32 da suka ga ya ci sau biyar a jere, kuma babu ɗayansu da ya san da sauran 992 ɗin. A nan ne zai ce na kyauta ya ƙare, babban wasa na nan tafe, sai an biya. Bai san komai game da ƙwallo ba, lissafin rabawa kawai ya iya. Wanda ya ga biyar a jere kuwa ko rantsuwa ka yi masa da wuya ya saurare ka, shi ya sa wannan dabarar ta fi duk sauran illa.

Akwai kuma dabarar goge saƙo. Kafin wasa sai a wallafa duk sakamakon da zai iya faruwa, bayan an tashi a goge na kuskure a bar ɗaya. An ga wannan ƙarara a wasan ƙarshe na kofin duniya na 2014, lokacin da wani shafi a Twitter ya fito da saƙonni masu kwanan wata na kafin wasa cewa Jamus za ta ci Ajantina 1-0 kuma Götze ne zai zura ƙwallon. Daga baya waɗanda suka ɗauki hoton shafin tun da wuri suka nuna cewa ya rubuta sakamako iri-iri da sunayen 'yan wasa da dama, ya share sauran. A Facebook abin ma ya fi sauƙi: ana iya ajiye rubutu yadda mai shi kaɗai ke gani, bayan wasa a buɗe wa jama'a wanda ya dace, kwanan watansa na jiya yana nan daram. A Telegram mai tasha yana iya gyara tsohon saƙo ko ya goge shi ba tare da yawancin masu karatu sun lura ba.

Ana iya kama su a nan. Kowane saƙo a buɗaɗɗiyar tashar Telegram yana da lamba a ƙarshen adireshinsa, kuma lambobin suna bin juna a jere. Kwafi adireshin saƙon hasashen, ka kwafi na wanda ke gabansa da na bayansa. Idan ka ga 340 sannan 352, mai yiwuwa an goge saƙonni har goma sha ɗaya a tsakani, kuma idan irin wannan giɓin yana yawan faɗowa daidai lokacin wasanni, ka samu amsarka. Duba kuma ko akwai alamar an gyara saƙon a kusa da lokacin da aka tura shi. A Facebook danna ɗigo ukun da ke saman rubutu ka ga tarihin gyaransa.

Hoton tikiti kuwa ba hujja ba ce ko kaɗan. Duk mai kwamfuta zai iya buɗe shafin kamfanin caca, ya shiga kayan gyaran shafi da ke cikin kowace burauza, ya canza adadin kuɗi da sakamako a allonsa cikin minti biyu, ya ɗauki hoto ko bidiyo. Masu godiyar da ake nunawa asusun shi kansa ɗan damfarar ne, mabiyan tashar kuma ana sayensu dubu-dubu. Gwada yawan mabiya da yawan waɗanda suka kalli kowane saƙo: tasha mai mutum dubu tamanin amma ɗari uku ke kallo, gawawwakin asusu ne a cikinta. Galibi ma sun rufe wurin yin magana, don kada wanda aka cuta ya gargaɗi na baya.

Bayan ka biya, abu ɗaya cikin uku ke faruwa. Ko dai a toshe ka nan take. Ko a turo maka hasashen da aka zaɓa da ka, idan ya faɗi a ce alƙali ne ya saɓa alkawari ko an canza mai tsaron gida, ka ƙara rabin kuɗi a ba ka na ramuwa. Ko kuma a turo maka fayil a kulle, a ce sai ka biya kuɗin lambar buɗewa. Idan aka yi dace hasashen ya ci, sai su dawo su ce a ba su kasonsu, wasu har da barazana. Kowane biya yana haifar da wani: kuɗin rajista, kuɗin shiga rukunin manya, kuɗin tabbatarwa, kuɗin haraji. Suna son a biya ta kuɗin intanet na kirifto ko katin kyauta ko asusun wani mutum dabam, saboda waɗannan ba a iya janyo su cikin sauƙi, kirifto kuwa idan ya tafi ya tafi ke nan.

Waɗanda ke cewa ba sa karɓar ko sisi, a kula da su sosai. Sharaɗinsu shi ne ka yi rajista ta adireshin da suka ba ka, ka sa lambar talla tasu. Kamfanonin caca da yawa suna biyan mai kawo musu mutane wani kaso daga abin da mutanen suka yi asara, wato faɗuwarka ce ribarsa. Wani lokaci shafin ma na bogi ne ɗungurungum: za ka ga ka ci a allo, amma fitar da kuɗin sai ka sake zuba wasu. Mafi muni shi ne manhajar da suke turowa a matsayin fayil maimakon ta shagon Google ko na Apple. Irin wannan tana neman izinin karanta saƙonnin waya, kuma ta nan ne lambar da banki ke turowa take faɗawa hannunsu. Kada ka tura musu hoton katin shaidarka, kada kuma ka yarda a yi amfani da asusunka a karɓi kuɗin wasu da sunan za a ba ka kamasho. Idan bincike ya zo, sunanka ne a rubuce, ba nasu ba.

Ni a ganina tushen matsalar ita ce cacar kanta, don lissafinta ma a kan asarar mai sa kuɗi aka gina shi. Idan abu mai fuska biyu daidai wa daida aka ba kowace fuska ninkin 1.90 maimakon 2.00, kamfani ya riga ya ware wa kansa kusan kashi 5 cikin ɗari kafin a busa usur. Wanda ya daɗe yana asara shi ne ke neman hanyar farfaɗowa ko ta halin ƙaƙa, kuma shi waɗannan mutanen ke farauta.

Idan har an riga an karɓi kuɗinka, dakatar da biya yanzu, duk alkawarin da suka yi. Kafin su goge hirar, ɗauki hotonta duka, da sunan asusun, da lambar da ka tura wa kuɗi, da lambar shaidar ciniki. Kira bankinka a ranar, don damar riƙe kuɗin tana raguwa da kowace sa'a. Kai ƙara wurin 'yan sanda, ka kuma kai rahoton tashar a cikin manhajar. Idan ka sauke wani fayil daga wurinsu, cire shi, ka canza lambobin sirrinka daga wata wayar. Bayan 'yan kwanaki wani zai iya tuntuɓarka ya ce shi ƙwararre ne mai dawo da kuɗin da aka damfara, kuɗin aiki kawai za ka biya. Sau da yawa su ne dai suka sake shiga, ko wasu da suka sayi jerin sunayen waɗanda suka taɓa biya. Toshe shi ba tare da ka amsa ba.