Gargaɗi kan mai sayar da maganin kumburin jijiyar zuciya

Allah ya isa tsakanina da mutumin nan. N850,000 na tura masa. Dubu ɗari takwas da hamsin, a kashi biyu, da hannuna.

Baba an yi masa aikin zuciya a Indiya shekara tara da suka wuce, irin wanda ake ciro jijiya daga ƙafa a ɗinka ta a kewaye hanyar jinin da ta toshe. Bana hoton CT, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka a asibiti, ya nuna babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya ta kumbura, santimita 4.8. Likita ya ce hakan na iya faruwa bayan shekaru, bangon jijiyar kan yi rauni a inda aka matse ta aka yi ɗinki, balle ga mai hawan jini. Ya ce a riƙe hawan jinin, a riƙa maimaita hoto, in ta kai wajen 5.5 a yi maganar tiyata.

Ni ba yaro ba ne, shekarata goma sha biyu ina kasuwanci a Kwari. Amma mutumin nan a wayar farko ya ce, "Alhaji, Baba yana da tabo a ƙafa daga idon sawu zuwa gwiwa ko?" Wallahi ina zaune kusa da Baba, ina kallon tabon nan. Ya tambayi santimita nawa kumburin ya kai. Wa zai ji haka bai yarda ba? Sai daga baya na gane da yawa daga cikin waɗanda aka yi wa aikin nan haka ƙafarsu take. Har yanzu ina jin muryarsa, "ko Alhaji?"

Kafin nan ma, a WhatsApp aka tura min lambarsa. Ya ce garin magani ne daga Indiya, wata uku kumburin ya sace, amma a ajiye ƙwayoyin hawan jini. Muka ajiye. Sati biyu awon jinin Baba ya kai 180. Kwalabe uku ne ko takarda babu a jiki, na 500,000, sai 350,000 wai na kwastan. Ko da na kira ya rufe ni.

Risit ɗin banki da hoton hirarmu duk suna nan, zan sa su da daddare.

Babu garin maganin da ke sa kumburin nan ya sace. Kada ku daina maganin likita. In ciwon ƙirji ya taso farat ɗaya kamar ana yagawa har baya, asibiti nan take.

N850,000. Har yau ban iya gaya wa Baba adadin ba.